Doka da Oda a Harabar Jami'a: Wa Ke da Ikon Hukunta Ɗalibi, Kuma a Ina Ikon Ya Tsaya?

A kowace shekarar karatu, Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse kan tara sababbin ɗalibai domin bikin rantsarwa. A nan ne ɗalibi ke ɗaukar alkawarin yin biyayya ga hukumomin makaranta da dokokinta, ya sa hannu, a ɗauki hotuna, a watse. Ƙalilan ne ke komawa su karanta abin da suka sa wa hannu, sai fa ranar da takardar gayyata ta iso daga kwamitin ladabtarwa.

Hukuncin da ke fitowa daga irin wannan zama ba ƙarami ba ne. Ɗalibin da aka kora a ajin ƙarshe ya yi asarar shekara huɗu ko biyar, haɗe da kuɗin riɗi da gero da awakin da iyayensa suka sayar domin rajistarsa. Jami'ar da ta kasa tsawatarwa kuwa, takardar shaidarta ce ke zubar da ƙima, kuma ɗaliban da ba su ji ba ba su gani ba su ne ke kwana a ciki. Wannan maƙala ta tattaro abin da doka ta tanada, da abin da kotuna suka yanke, da darussan da tarihin jami'o'in Arewa ya bari, domin amfanin ɗalibi da malami da mahaifi.

Jami'o'i biyu, iyayen gida biyu

An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, cikin jerin jami'o'i tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙirƙiro a wannan shekara. Ita kuwa ta Kafin Hausa, wadda ke cikin masarautar Haɗeja, gwamnatin jiha ce ta kafa ta a 2013 da sunan Jami'ar Jihar Jigawa. Ta fara karatu a 2014, kuma a ƙarshen shekarar aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Sule Lamido. Shugabanta na farko, Farfesa Abdullahi Yusuf Ribaɗu, shi ne aka naɗa Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, a Disamba 2024.

Bambancin mamallaki yana da tasiri a kan ladabtarwa. Jami'ar tarayya tana tafiya ne bisa dokar Majalisar Tarayya, kuma Shugaban Ƙasa ne Mai Ziyararta, wato babban mai sa ido wanda ke da ikon tura kwamitin bincike ya duba yadda ake gudanar da ita. Jami'ar jiha tana tafiya bisa dokar Majalisar Dokokin Jiha, kuma Gwamna ne ke riƙe da wannan matsayi. Sai dai akwai abin da ya hau kansu duka biyun, wato Kundin Tsarin Mulkin 1999. Duk wata ƙa'idar makaranta da ta ci karo da shi, ba ta da ƙafar tsayawa a gaban kotu.

Daga ina ikon hukunci ya samo asali?

Ikon jami'a a kan ɗalibi hawa uku ne. A sama akwai dokar da ta kafa jami'ar. A tsakiya akwai ƙa'idojin da Majalisar Gudanarwa da Majalisar Malamai, wadda aka fi sani da Sanet, suka tsara bisa ikon da dokar ta ba su. A ƙasa kuma akwai kundin jagorar ɗalibai, wanda ke fayyace laifuffuka da hukuncin kowanne, tun daga shigar da baƙo ɗakin kwana bayan lokaci har zuwa satar amsa.

Dokokin da suka kafa jami'o'in tarayya kusan zubinsu ɗaya ne a wannan babi, kuma jami'o'in jihohi galibi su suka kwaikwaya. Idan ta bayyana ga Shugaban Jami'a cewa ɗalibi ya aikata rashin ɗa'a, yana da ikon ɗaukar ɗaya daga matakai huɗu: ya hana shi shiga wasu harkokin jami'a ko amfani da wasu kayayyakinta na wani lokaci, ya taƙaita zirga-zirgarsa a harkokin makaranta, ya dakatar da shi na wani wa'adi, ko ya kore shi baki ɗaya. Yana kuma iya miƙa wannan iko ga kwamitin ladabtarwa, kuma hakan aka fi yi a aikace.

Dokokin sun ba wanda aka dakatar ko aka kora damar ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Gudanarwa, wadda ke iya tabbatar da hukuncin, ko ta sassauta shi, ko ta soke shi. Akwai sharaɗin da ɗalibai da yawa ba su sani ba: ɗaukaka ƙarar ba ta dakatar da hukuncin. Wanda aka dakatar zai ci gaba da zama a gida har sai Majalisar ta yanke nata.

Dalilin da jami'o'i ke kafawa na shiga harkar halayyar ɗalibi shi ne cewa digiri shaida ce ta abu biyu, ilimi da ɗabi'a, kamar yadda ake shelantawa a kowane bikin yaye ɗalibai. Wannan hujja karɓaɓɓiya ce a wurin kotuna. Abin da ake jayayya a kai shi ne hanyar da ake bi kafin a yanke cewa ɗabi'ar wane ta gaza.

Manyan laifuffukan da ake hukunci a kansu

Maguɗin jarrabawa ne laifin da ya fi kai ɗalibai gaban kwamiti. Ya ƙunshi shiga da takardar amsa, amfani da waya, rubuta wa wani jarrabawa, da sayen tambayoyi. Bayan hukuncin makaranta, laifi ne a dokar ƙasa: Dokar Maguɗin Jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗauri, kuma ta fi tsananta wa malami ko mai sa ido da aka samu da hannu a ciki fiye da ɗalibi.

Na biyu shi ne shiga ƙungiyar asiri. Tarihin waɗannan ƙungiyoyi a jami'o'in Najeriya ana danganta farkonsa da ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952, wadda ba ta tashin hankali ba ce a lokacin. Waɗanda suka ɓalle daga baya ne suka rikiɗe zuwa gungun makamai. A daren 10 ga Yuli 1999, 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ciki har da sakataren ƙungiyar ɗalibai. Annobar ta fi ƙamari a Kudu, amma jami'ar da ke karɓar ɗalibai daga kowace kusurwar ƙasa ba ta da dalilin sakin jiki. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Na uku shi ne shaye-shaye, wanda ya fi kusa da gida. Binciken ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke amfani da ƙwaya a Najeriya. A wannan shekara ce Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai koɗin, bayan rahoton binciken BBC da ya nuna yadda matasa a Kano da wasu garuruwa suka faɗa tarkonsa. Mallakar ƙwaya hurumin hukumar NDLEA ne da kotu, ko da jami'a ta ɗauki nata matakin.

Sai kuma laifuffukan zamantakewa: faɗa, sata, lalata kayan makaranta, karya dokar ɗakin kwana da ta sutura. Dokar sutura halattacciya ce matuƙar a rubuce take, an sanar da ita, kuma ana aiwatar da ita a kan kowa ba tare da wulaƙanci ba. Iyakarta ita ce 'yancin addini da sashe na 38 ya tabbatar. A Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Jihar Legas ba ta da ikon hana ɗalibai mata sanya hijabi a makarantunta. Tsarin Mulkin da ya kare wannan ɗaliba a Legas shi ne ke kare ɗalibin da ba Musulmi ba a Dutse ko Kafin Hausa daga nuna bambanci, kamar yadda sashe na 42 ya tanada.

Shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri

Duk mai son fahimtar iyakar ikon jami'a, daga wannan shari'a zai fara. A ranar 2 ga Fabrairu 1983 tarzoma ta ɓarke a Jami'ar Maiduguri. An ƙona dukiya, an wawashe kaya, an ci zarafin mutane. Hukumar jami'ar ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin jagorancin Mataimakin Shugaban Jami'a, wanda shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Bisa rahoton kwamitin aka kori ɗalibai da dama.

Wasu daga cikin korarrun suka garzaya kotu. Babbar Kotu ta ba su gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin, sannan a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar. Hukuncin ya tsayar da ginshiƙai uku da har yau ake kafa hujja da su.

Na farko, wanda abu ya shafa ba ya zama alƙali a kansa. Mutumin da aka yi wa ɓarna shaida ne, kujerar alƙalanci ba tasa ba ce. Na biyu, dole ne a sanar da wanda ake zargi ainihin abin da ake tuhumarsa da shi, a bar shi ya ji shaidar da aka bayar a kansa, ya kuma yi wa masu shaidar tambayoyi. Na uku, laifuffuka irin su ƙone-ƙone da sata da cin zarafi manyan laifuffuka ne a dokar ƙasa, don haka kotu ce kaɗai ke da hurumin cewa wane ya aikata su.

Kotun ta dogara ne da sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1979, wanda yanzu shi ne sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999. Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A fiƙihun da alƙalanmu suka gada, alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin ɓangarori biyu, kuma kawo hujja nauyi ne a kan mai ƙara.

Abin da kotu ta bar wa jami'a

Bayan hukuncin Garba, wasu sun ɗauka an ɗaure hannun jami'o'i ke nan. Kotun Ƙoli ta daidaita wannan fahimta a shari'o'in da suka biyo baya.

A shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba ta 2004, an dakatar da wani jagoran ɗalibai bayan an zarge shi da mallakar kayan da ake dangantawa da ƙungiyar asiri. Kotun ta yanke cewa jami'a tana da ikon dakatar da ɗalibi domin tsare zaman lafiya kafin a kammala bincike, kuma irin wannan dakatarwa matakin gudanarwa ne, ba yanke hukuncin laifi ba.

A shari'ar Jami'ar Ilorin da Oluwadare ta 2006, ɗalibin da aka kora bisa zargin maguɗin jarrabawa ya tafi kotu ba tare da ya jira Majalisar Gudanarwa ta saurari kokensa ba. Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙararsa. Darasin a fili yake: a fara ƙare matakan cikin gida.

A 2014 kuma, a shari'ar Jami'ar Ilorin da Adesina, ƙwallon ya koma ragar jami'a. Wata ɗaliba da aka hukunta saboda gwagwarmayar ɗalibai, aka kuma yi mata afuwa daga baya, ta shafe shekaru jami'ar na riƙe da sakamakonta. Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya. Bayar da digiri hurumin Majalisar Malamai ne, amma riƙe sakamakon ɗalibi domin ramuwar gayya abu ne da kotu za ta iya shiga ciki.

Idan aka haɗa waɗannan hukunce-hukunce huɗu, sakamakon shi ne: jami'a na iya dakatarwa cikin gaggawa, tana iya hukunta karya ƙa'idojinta, amma sai ta saurari wanda ake zargi a gaban kwamitin da ba shi da wata maslaha a cikin maganar.

Zanga-zanga: darasin Samaru

Sashe na 39 da na 40 na Tsarin Mulki sun ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin baki da na taro, kuma ɗalibi ba ya ajiye su a bakin ƙofar makaranta. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, ta yanke cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana. Sai dai sashe na 45 ya halatta taƙaita waɗannan 'yanci domin tsaron jama'a, kuma Dokar Kula da Ayyukan Ƙungiyoyin Ɗalibai ta 1989, wadda aka gada daga mulkin soja, ta mayar da shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama, ta kuma ba hukumomin makaranta ikon haramta ƙungiyar da suke ganin barazana ce ga zaman lafiya.

Yadda aka yi amfani da irin wannan iko a baya ya bar tabo. A Afrilu 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai na yini ya haifar da boren da aka yi wa laƙabi da sunan Kwamishinan Ilimi na Tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS. A 1980 aka kafa NANS a madadinta.

Shekara takwas bayan haka, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwano domin tunawa da waɗanda aka kashe a 1978. Hukumar jami'ar, ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta zarge su da karya doka ta hanyar ratsawa cikin ɗakin kwanan mata na Amina, ta kuma hukunta shugabanninsu. Ɗalibai suka yi bore, aka kira 'yan sandan kwantar da tarzoma. A ranar 23 ga Mayu 1986 aka buɗe wuta a Samaru. Hukumomi sun ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai suka ce adadin ya zarce haka. Wutar ta bazu zuwa wasu jami'o'i, aka rufe makarantu da dama, gwamnatin Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, shugaban jami'ar kuma ya bar kujerarsa.

Abin lura shi ne daga inda maganar ta faro: ƙa'idar ɗakin kwana da hukuncin da ɗalibai suka ɗauka zalunci ne. Jami'o'in Jigawa ba su kai shekara ashirin ba, ba su da irin wannan tabo, kuma al'adar da suka kafa yanzu ita za ta bi su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tushen rikicin ɗalibai a yau bai sauya sosai ba: kuɗin rajista, ruwa, wutar lantarki, cunkoson ɗakin kwana, da gajiyar da yajin aiki ke haifarwa, irin na wata takwas da ASUU ta yi daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022. Gyaran dokar jami'o'in tarayya na 2003 ya tanadi cewa a sa wakilan ɗalibai a kwamitocin da ke kula da walwalarsu. Ƙungiyar ɗalibai zaɓaɓɓiya, wadda hukuma ke zama da ita kafin ta yanke shawara, ta fi motar 'yan sanda arha.

Waya a hannu: abin da ya faru a Dutse a 2022

Harabar jami'a ta yanzu ta haɗa da zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook da X. A Nuwamba 2022 jami'an tsaro suka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda wani saƙo da ya wallafa da Hausa a Twitter game da uwargidan Shugaban Ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari. Aka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi bisa tuhumar ɓata suna, kotu ta tura shi gidan yarin Suleja. Ƙungiyar Amnesty International ta yi tir da kamun, NANS ta yi barazanar zanga-zanga a faɗin ƙasa, kuma a farkon Disamba aka janye ƙarar aka sake shi.

Ba jami'ar ce ta kama shi ba, amma lamarin ya fito da tambayoyi biyu da kowace makaranta ya kamata ta tanadi amsarsu. Mene ne aikin hukumar jami'a idan aka ɗauke ɗalibinta? Mafi ƙaranci shi ne ta binciki inda yake, ta sanar da iyayensa, ta kuma tabbatar bai yi asarar jarrabawa ba kafin kotu ta same shi da laifi, tunda sashe na 36 ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Sannan ina iyakar laifin da kundayen ɗalibai kan kira zubar da mutuncin jami'a? Barazana, yaɗa hoton tsiraicin wani, da tunzura faɗan addini ko ƙabila laifuffuka ne da ba a jayayya a kansu. Ɗalibin da ya ɗauki hoton famfon da ya bushe a ɗakin kwana ya wallafa kuwa, gyara ya nema, kuma hukunta shi toshe bakin shaida ne.

A matakin ƙasa, sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka sha amfani da shi a kan 'yan jarida da masu suka, Kotun ECOWAS ta yanke cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma an yi masa gyara a 2024.

Idan malami ne mai laifin fa?

Tsarin da ke hukunta na ƙasa ya kau da kai daga na sama ba ya samun biyayyar zuci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: maguɗin jarrabawa da yawa ba ya yiwuwa sai da hannun ma'aikaci, haka nan sayar da maki da tilasta sayen takardun darasi.

Mafi muni shi ne neman lalata da ɗalibai mata domin maki. A Disamba 2018 Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara biyu, bayan hukumar ICPC ta gurfanar da shi. A Oktoba 2019 binciken BBC a jami'o'in Legas da Gana ya ƙara tona asirin wannan ɗabi'a. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin hana cin zarafin ɗalibai a manyan makarantu a Yuli 2020, amma bai zama doka ba har gwamnatin Buhari ta sauka. A Jigawa, Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar hana cin zarafin bil'adama a 2021, wadda ke aiki a cikin harabar jami'a kamar yadda take aiki a wajenta.

Malami ma yana da haƙƙin a saurare shi, kuma Majalisar Gudanarwa ce ke da ikon sallamarsa bayan bincike. Matsalar ita ce kai ƙarar. A al'ummar da kunya da tsoron surutu ke rufe bakin yarinya, ɗalibar da aka ce ta kai kuka ofishin abokin wanda take ƙara ba za ta je ba. Ma'aunin jami'ar da ta ɗauki lamarin da gaske shi ne rubutacciyar manufa, kafar kai ƙorafi ta sirri wadda ba ta ratsa sashen malamin ba, da tabbacin cewa wani ne daban zai duba takardar jarrabawar mai ƙara.

Masu gadi, 'yan sanda da hukuncin gungu

Jami'an tsaron jami'a ma'aikatan makaranta ne. Suna iya tsayar da wanda suka kama yana aikata laifi, su miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Duka, tsallen kwaɗo, aske kai ko kulle ɗalibi a ɗaki domin ya amsa laifi sun saɓa wa sashe na 34, kuma Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mayar da azabtarwa laifi. Wanda 'yan sanda suka tsare, sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin yini ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Ɗalibai ma ba su da hurumin yanke hukunci. A ranar 12 ga Mayu 2022, gungun ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato suka kashe wata ɗaliba bisa zargin ɓatanci ga Annabi (SAW). Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, aka rufe kwalejin, aka sa dokar hana fita a birnin. Komai girman zargi, daga satar waya har zuwa abin da ya taɓa addini, hukuma ake miƙa wa. Ƙa'idar da ta hana kwamiti korar ɗalibi ba tare da sauraro ba, ita ce ta hana gungu ɗaga masa hannu.

Matakan da ɗalibi zai bi idan an gayyace shi

Da farko, ya nemi a ba shi tuhumar a rubuce, da sashen kundin da ake cewa ya karya, da isasshen lokacin shiri. Kada ya ƙi halarta, domin wanda aka ba dama ya ƙi zuwa ba zai ce an hana shi sauraro ba.

Kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ko bayanin da ba nasa ba. Ya nemi ganin hujjar da aka kafa a kansa, ya yi wa masu shaida tambaya, ya kawo nasa shaidun. Idan a cikin kwamitin akwai wanda ya kawo ƙarar ko wanda abin ya shafa, ya nuna rashin amincewarsa cikin ladabi, ya roƙi a rubuta.

Idan hukunci ya fito, ya karɓe shi a rubuce, ya ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Gudanarwa cikin wa'adin da kundin ya ƙayyade, ya ajiye kwafin kowace takarda mai hatimin karɓa. Ya tuntuɓi lauya da wuri, saboda Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta taƙaita lokacin shigar da wasu ƙararraki a kan hukumomi zuwa wata uku. Wanda ba shi da hali yana iya neman taimakon Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, ko Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a.

Abin da ya kamata jama'a su nema

Jami'o'in gwamnati da kuɗin jama'a ake tafiyar da su, don haka yadda suke hukunci ba sirrin cikin gida ba ne. Akwai abubuwa huɗu da ƙungiyoyin ɗalibai da iyaye da 'yan majalisa za su iya nema daga Kafin Hausa da Dutse ba tare da an taɓa sirrin kowa ba: a wallafa kundin ɗalibai a intanet inda kowa zai gani, a sa wakilin ɗalibai a kwamitin ladabtarwa, a ƙayyade kwanakin da za a kammala bincike domin kada dakatarwar wucin gadi ta zama kora a fakaice, sannan a riƙa fitar da alƙaluman shekara na waɗanda aka hukunta, ɗalibai da ma'aikata, ba tare da sunaye ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, kuma kowane ɗalibi na iya rubutawa.